Rasuwar Ɗan Kirya, Yoyon Malam Tanko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da guntun haushin da har yanzu ya ƙi wucewa, Malam Tanko Mai Albasa na Kukar Maƙera, a ƙasar Minjibir, yake sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar yoyonsa, Ɗan Kirya, wanda ya bar duniya ranar Laraba, ana tsakiyar noman maimai.

A lura, yoyon wasa ake nufi, mai zare a tsakiya, wanda ake cillawa ƙasa ya hauro hannu. Ba yoyon ɗaki ba. Da an yi wannan bayani tun farko, da yau babu wannan sanarwa.

Marigayin ɗan asali ne. Daga guntun taɓaryar kirya aka sassaƙo shi, zarensa kuwa Inna Fanta ce ta kaɗa da hannunta. Bai taɓa neman batir ba, bai taɓa cewa yau ya gaji ba. In Malam Tanko ya sake shi a gindin kuka bayan la'asar, sai ka ji "zuuu", kafin ka ƙifta ido ka ji "tas" a tafin hannu. Saboda wannan "tas" ɗin mai shayi ya sha barin butarsa ta ƙafe a kan wuta. Shekara da shekaru, duk ƙauyen babu wanda ake kewayewa ana kallo sai Malam Tanko.

Rashin lafiyarsa ta fara ne ranar da Abdulmumini, wanda ke tuƙa adaidaita sahu a Kano, ya dawo da jaka guda ta yoyon kanti. Mai tara yoyo ne wai. Akwai na roba mai walƙiya, akwai mai kukan tsuntsu, akwai wani ja na ƙarfe mai boris irin na ƙafar keke a ciki, wanda in an cilla shi sai ya tsaya a ƙarshen zare yana ta juyi, ba ya haurowa sai an fizge shi. Wai barci yake yi. Yoyo da barci, kamar ma'aikacin ofis! Amma jama'a, da yake ba su da alƙawari, suka kwashe tabarminsu suka koma ɓangaren Abdulmumini.

Malam Tanko ya karɓi jan nan sau ɗaya, don kada a ce hassada yake yi. Ba wani abu ba ne. Santsi ne kawai kamar sabulu, da sanyi a hannu, da wani nauyi da ke zama daidai a tafi, da yadda zaren ke bin yatsa kamar ya san mutum tun yana yaro. Shi ke nan. Masu cewa sai da aka ɓamɓare shi daga hannunsa, Allah ya isa.

Shi Ɗan Kirya ɗan manoma ne, bai iya barcin rana ba. An shafa masa man gyaɗa, bai yi ba. An sassauta masa zare, bai yi ba. Daga ƙarshe Malam Tanko ya yanke shawarar a sa masa boris shi ma. Da zai tafi gona ya ce wa maiɗakinsa Hure ta aika wa Sha'aban kafinta ya zo ya duba yoyon da ke ɗakinsa.

Damina ce fa. Sha'aban ya zo da tsani da guduma, ya haye rufi. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga huda ba. Da yake ba ya son a ce ya sauko bai yi komai ba, sai ya hango inda kwano ya ɗan tasa, ya saita ƙusa doguwa ya maka mata guduma. Abin da ya ɗaga kwanon kuwa shi ne Ɗan Kirya, a maƙale tsakanin kwano da katako, inda ake ɓoye shi saboda yara. Hure tana surfe ta ji kalmarsa ta ƙarshe: "ƙwas."

Ɗakin da bai taɓa yoyo ba, tun ranar yake yi.

Marigayin ya bar ƙannensa biyu, na murfin gwangwani da na roba wanda aka samu a ledar biskit, dukansu babu mai iya riƙe gida. Ya bar zarensa. Ya bar ɗan yatsan Malam Tanko da kantar zare, ba aikin yi. Ya kuma bar Abdulmumini da filin gindin kuka shi kaɗai, sai ya jiƙa ya sha.

Game da jana'iza, Liman ya ce ba a yi wa itace salla, kuma Malam Tanko ya nemi abin yi. An gode. Hure ta nemi a ba ta gawar ta iza wuta, an hana ta. Za a binne shi gobe bayan la'asar a bayan rumbu, da ƙusar a jikinsa, don ta ƙi fita. Zaman makoki a zaure ne. Sha'aban in zai zo, ya bar guduma a gida.

Abdulmumini ma ba a hana shi ba. Amma ba a zuwa gaisuwa hannu sake, don haka ya taho da jan nan, ya bar wa mai rashi har zuciyarsa ta yi sanyi. Kuma kada ya riƙa aikowa yana tambayar ko ta yi.