Liƙi a Goshin Mai Saksofon

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a unguwar Zogona ba, kuma wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, don a ganina ba a yi mini adalci ba.

Lokacin ina ɗinki a Zango, samartaka na kaina. Kiɗana na rawa ne, kupe-dekale da duk abin da ya fito daga Abijan. Rediyon shagona ba ya hutawa, maƙwabta ma haka. Ina neman auren Rakiya, maganar kuma tana hannun kawunta, Kawu Idi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. In ya ce a'a, shi ke nan. Ran da na je gaishe shi na tarar yana sauraren wani faifai, ƙahonni na ta kuka kamar akuyar da aka ɗaure a rana.

"Yaro, ka san jaz?" in ji shi.

"Kawu, ai ba na jin komai sai shi." (Bakina ne ya faɗa, ni ban aike shi ba.)

Nan take ya gayyace ni wani tsakar gida inda tsofaffin abokansa ke haɗuwa bayan la'asar su yi kiɗa. Na sha shadda, na goyo shi a ɗan babur ɗina, mobilet.

Muka tarar da mutane jere a kujeru, shiru kamar ana jiran liman. Ba rawa, ba guɗa, ba maroƙi. Na daɗe ina jira su gama gyara kayan kiɗan, ashe tuni sun yi nisa. Can wani dattijo, Tonton Pol, ya miƙe da ƙahonsa na ƙarfe, saksofon, ya rufe ido, ya shiga busa shi kaɗai. Gaskiya abin ya ɗan taɓa ni. Na duba dama da hagu. Mutum na zubar da gumi, jijiyar wuyansa ta tashi, amma jama'a sai kaɗa kai suke. Na ce a raina, wannan wace irin rowa ce? A Zango ko mai kalangu ne ya leƙo sai an yi masa liƙi. Yau Kawu zai ga surukin da ya san darajar mutane.

Na gyara hula, na taka da ɗan rangaji har gabansa, na zaro sabuwar takardar kuɗi na manna masa a goshi.

Bawan Allah bai san da zuwana ba. Ya zabura, saksofon ya yi ƙara irin ta ƙofar langalanga, takardar ta sulale ta faɗa bakin ƙahon. Mai ganga ya tsaya cak. Ni kuma maimakon in koma mazaunina, sai na zura hannu wai zan ciro masa. Haka muka tsaya, yana ja ina ja, wata madam ta rufe fuska da jakarta.

To ku gaya mini, wa ya faɗa mini? Kiɗan da ba a rawa, ba a liƙi, sai ɗan tafi kamar ana kashe sauro, kuma a ce ni ne ban waye ba?

Na goyo Kawu muka kama hanyar gida. Na riga na yi ban kwana da Rakiya a zuciyata. Sai da ya sauka ya ce, "Maƙaryaci ne kai, amma ba marowaci ba. Duk Lahadi ka zo ka zauna ka saurara. Ran da ƙaryarka ta zama gaskiya, mu yi magana."

Na yi ta zuwa ina cika ina batsewa. Wata rana ya sa wani faifan jaz irin wanda ake kira suwing, sai na kama ƙafata tana buga ƙasa ba da izinina ba. Na ji ashe hira ƙahonnin ke yi, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, mai ganga na shiga tsakani. Ban san sanda na ce, "Kawu, don Allah mayar da wajen nan" ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Turo magabatanka."

Ranar biki Tonton Pol ya zo ya busa mana, idonsa buɗe tar. Kun san wa ya fara tashi ya manna masa kuɗi a goshi? Kawu Idi. Aka yi ta guɗa, wai dattijo ya san mutunci. Ni da na buɗe hanya ko na gode ba a ce mini ba.

Abin da na koya dai bai da yawa: kafin ka yi wa mutum alheri, duba tukuna ko idonsa a buɗe yake.