Hukuncin Kande a Tafkin Lambatu

A wani daji da ke gindin wani babban birni akwai tafki, wanda duk lambatun garin a cikinsa suke juyewa. Dabbobin wurin suna da al'ada: ruwan farko na damina na manya ne, su za su fara wanka a ciki, talakawa su tsaya gefe suna guɗa.

Bana ruwan ya zo da arziki. Ga baƙin mai daga garejin makanikai yana ƙyalli kala-kala, ga kumfar omo, ga shuɗin marina, ga ledojin fiya wata suna iyo kamar agwagi. Balbela, wadda ita ce sankirar majalisa, ta buɗe fukafukai a gaban Kada, shugaban majalisar, ta ce, "Ranka ya daɗe Kada, bakan gizo da kansa ya sauko ya kwanta a gabanka. Mutanen birni sun san girmanka, shi ya sa suka haɗo har da sabulu."

Sai wata kwaɗuwa mai suna Kande ta yi tsalle ta shigo fili. Ta zuba ƙwai a bakin tafkin, sun kusa ƙyanƙyashewa, kuma tsoro ya cika mata ciki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san bakan gizo yana wari ba. Bara a ruwan nan 'ya'yana suka ƙare, ko ɗaya bai yi ƙafa ba. Wannan dattin gari ne, a tare bakin lambatun nan tun da wuri."

Kada ya yi gyaran murya ya ce, "Yarinya, kin kira kyauta datti a gaban jama'a. Majalisa ta kore ki damina guda. Kwashi ƙwanki ki koma kududdufin kan dutse, inda babu ƙyalli, babu kumfa, sai ruwan sama tsura. Can za ki gane kurenki."

Kande ta kwashe su ta tafi tana sharɓar kuka, don ita ma ta ɗauka an gama da ita.

Manya suka faɗa wanka. Balbela ta fito shuɗiya, Kunkuru ya fito da leda a wuya, Kada kuwa ya wuni yana tari. Majalisa ta sake zama, ta zartar cewa shuɗi ne launin girma.

A kan dutse fa? Ƙwai suka ƙyanƙyashe kaf, talibambam suka yi ƙafa, suka yi ƙiba, suka cika wurin da waƙa har maƙwabta suna kawo ƙara. Kande ta yi farin cikin da ba ta taɓa yi ba, ta yi ta rawa har ƙafafunta suka gaji.

Da kaka ta yi, majalisa ta tausaya mata ta aika cewa an yafe, ta dawo gida. Kande ta rusuna ta yi godiya sosai.

Tun daga nan, duk shekara da hadarin farko ya haɗo, sai ta yi kwalliya ta je gaban majalisa ta sake yin rashin kunya.