Ranar da Na Juya Duniya da Furar Baffa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da hutuna na farko daga makarantar Midil ba. Zamanin Turawa ne, mu yaran Birnin Gwari in mun gama elementare, wanda aka zaɓa sai a tura shi Zariya. Na dawo gida da gajeren wando, kaina ya kumbura fam.

Ana koya mana Lissafi, Turanci, Tarihi, Tsabta da Arabiyya, amma ni Labarin Ƙasa ne ya tafi da hankalina. Ko kaza ta gifta sai na gaya mata inda gabas take.

Matsalata ɗaya ce, Baffa, yayan mahaifina. Maharbi ne, rabin rayuwarsa a dajin Kamuku ya yi ta, kuma tun farko bai so karatun nan ba. Ya riga ya shawo kan Baba su je su roƙi hakimi a cire ni in kama fartanya. Ni kuwa wallahi ina son makarantar nan kamar raina.

Ran nan da la'asar dattawa suna zaune gindin ceɗiyar ƙofar gidanmu, aka aiko ni da ƙwaryar fura, an dama da nonon da Fulani suka kawo da safe. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Midil, me suka koya maka da ya fi noma?"

Da na ce Lissafi, da an wuce wurin. Ina! Sai na gyara tsayuwa na ce, "Baffa, duniyar nan ƙwallo ce, kuma juyawa take yi."

Baba ya sunkuyar da kai.

"To madalla," in ji Baffa. "Shekara da shekaru ina kwana a daji, ban taɓa farkawa na ga ƙafafuna a sama ba. In tana juyawa, me ya hana ruwan kogin Mariga zubewa?"

Nan na tuna malaminmu ya taɓa ɗaure bokiti da igiya, ya cika shi da ruwa, ya yi ta wulwula shi ta saman kansa, ko ɗigo bai zuba ba. (Sai daga baya na gane wani darasi daban yake nuna mana, ba ruwansa da tambayar Baffa.) Na ruga cikin gida na ciro ragayar Inna, wadda take rataye ƙwarya da ita. Bokiti babu, sai na ɗauki ƙwaryar furar na zaunar a ciki.

"Kai, ajiye furar nan!" in ji Baba.

"Ƙyale shi," in ji Baffa, "mu ga ilimi."

Na fara lilo da ita, na ba ta ƙarfi, ƙwarya ta tashi sama ta kife ta dawo, fura ba ta zuba ba. Na sake, haka. Dattawa suka ɗauki salati. Wani tsoho har da cewa, "Yaron nan an ba shi wani abu a Zariya!"

To a nan daɗi ya kashe ni. Na ce bari in waiga in ga yadda Baffa ya saki baki. Waigawar da zan yi, hannuna ya yi sanyi, daidai lokacin da ƙwarya take sama a kife.

Jama'a, ban taɓa sanin fura tana da yawa haka ba. Tun daga hular Baffa har gemu, har cikin aljihun taguwarsa. Wani gayan da bai damu ba ya zauna masa a kan gira. Ƙwaryar Inna kuma ta dare biyu a ƙasa. Na tsaya riƙe da igiya, ina roƙon ƙasar da na ce tana juyawa ta juya da ni ciki. A raina na ce shi ke nan, ni da Midil sai a mafarki.

Baffa ya sa yatsa ya share idonsa, ya lashe, ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya wajen Baba.

"Maganar zuwa wurin hakimi a bar ta. Ku mayar da shi ya ƙarasa. Rabin karatun ke nan ya yi mini wanka da fura, in aka bar mana shi a haka, wa ya san abin da zai yi da rumbu?"

Haka na koma Midil. Daga baya ni ma na zama malamin Labarin Ƙasa, kuma duk shekara ina nuna wa yara wulwula bokiti. Sai dai da ruwa nake yi, a tsakiyar fili, kuma ko Gwamna ne ya zo wucewa ba na waigawa.