Rasuwar Si Baro a Bayan Kaina

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Lahsan Ait Mbarak, na ƙungiyar masu tuƙa jirgin sama marar inji da ke gindin dutsen Atlas, nake sanar da rasuwar abokina kuma mashaidina, Si Baro. Ya cika ranar Lahadi a sararin sama, yana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayin akwati ne na ƙarfe, mai ganga a ciki. Kafin a tashi sai a turara gangar da hayaƙin kafur har ta yi baƙi, a murɗa masa makulli, alƙalin fili ya buga masa hatimi, a ɗaure shi bayan kujera inda doka ta ce kada hannun matuƙi ya kai. Daga nan allurarsa ke zana hawa da saukar jirgi a kan baƙin hayaƙi. Bai taɓa ƙara wa kowa taku ɗaya ba, ko ni da na raine shi. Maganarsa duka duniya ita ce tik, tik, tik.

Shekara goma sha tara muna neman lambar azurfa ta matuƙa tare, mai sharaɗi uku. Nisa mun yi, tsayi mun yi, saura zaman awa biyar a sama ba sauka. Bara hukuma ta amince da wata 'yar na'urar GPS mai araha, wadda ba ta fi kwalin ashana ba, ta zama shaida a madadin irin su Si Baro, kowa ya rataya ta ya samo lambarsa. 'Yata Zuhur ta kawo mini ɗaya, ta ce, “Baba, don Allah ka bar tsohon nan ya huta.” Na yi mata godiya, na jefa abin a aljihun mota. Ban iya yi wa Si Baro wannan cin fuska ba. Likita kuwa ya riga ya gaya mini takardar lafiyata ba za ta wuce ƙarshen watan nan ba, saboda ido.

Jinyarsa gajeruwa ce. Mun yi awa huɗu da minti arba'in, can bayan dutse inda na ƙasa ba sa hango mu, sai na ji tik, tik, sannan shiru. Ina ɗaure da ɗamara huɗu, murfin gilashi a kaina, gwiwoyina sun sage, fitsari ya matse ni. Tsakanina da shi bai kai kamu biyu ba, amma ba halin juyawa, kuma ko na kai gare shi, taɓa hatimi ya ɓata shaida. Na kira sunansa, na buga kujera da ƙeya. Haka na yi ta kewaya da gawa a bayana har na cika awa biyar da minti tara, ina kuka kamar yaro.

Alƙalin fili, Si Buzid, ya yanke hatimi, ya duba inda layi ya tsaya, ya ce, “Lahsan, wallahi na yarda da kai. Amma ba ni ake tambaya ba, shi ake tambaya, ga shi ya yi shiru. Ina 'yar ashanar da aka ba ka, kai mai taurin kai?” Na nuna masa mota.

Ya bar gwangwanin kafur rabi, da makulli ɗaya, da ni. Ya kuma bar magajiya a aljihun mota, wadda har yau ba a ɓare ledarta ba.

Za a ɗora shi a kan kantar sama ta rumfar jirage ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Zuhur za ta kawo kuskus, akwai shayin na'ana'a. Ranar ce ta ƙarshe a takardata, kuma masu duba yanayi sun ce ruwa za a wuni yi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su cire lambobinsu daga ƙirji kafin su shigo.