Bidiyon Gonar Kawu da Ya Ƙi Nuna Hoto

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da dattawan Auyo suka zauna suna sauraren ihuna na minti uku cur.

Ni ce na goge manhajar tsohuwar kwamfutar Yayana na saka mata Linux, wadda kyauta ake saukewa kuma kowa na iya gyara ta. Daga ranar na daina amsa kira sai an ce Injiniya (Inna kawai ta ƙi, ta nuna min tulin wanke-wanke).

Da damina kogi ya cika ya shanye shinkafar Kawu Sale. Ƙungiyar manoma ta ce za ta raba irin noman rani, amma sai ga wanda ya nuna shaidar ɓarna. Na bi Kawu a kwalekwale na ɗauki gonar da waya, na ɗora bidiyon a intanet. Ban ko gwada shi a kwamfutar ba. Wa zai koya min?

Ranar taro, malamin gona da dattawa suka kewaye ni. Na buɗe shafin, na danna. Allo baƙi ƙirin, sai murya kaɗai. Muryar kuma tawa ce.

"Kawu, za mu kife! Kawu, kada ne wancan? Ka mayar da ni Haɗeja, na tuba!"

(Kututture ne, ba kada ba.) Wani tsoho ya tambaya cikin tausayi ko yarinyar ta rayu. Kawu ya nuna ni da haɓa. Malamin gona ya ce ihu ba shaida ba ne, ya fara naɗe takardunsa.

Gumin da na yi ya isa ban ruwan fadama guda. Can na tuna ashe Linux ɗina ba ta zo da manhajar karanta irin bidiyon da wayar ke ɗauka ba, sai mutum ya ƙara da kansa. Na roƙi minti goma, na jona datar waya, na sauke ta, na sake dannawa.

Sai ga gona. Ruwa malale iya ganinka, rumfar Kawu ta nutse sai jinka. Malamin gona ya warware takarda ya rubuta sunan Kawu, Kawu kuwa ya bi kowa yana cewa 'yar ƙanwarsa ce, aikin kwamfuta a jininta yake.

Yanzu kowane bidiyo sai na gwada shi a gida. Kafin in kunna a gaban manya kuwa, murya nake fara kashewa.