Ranar da Na Tambayi Kawu Liman Batun Giya

A shekarun da aka fara shari'a, wata ƙungiya ta ba ni aikin jin ra'ayin mutanen Dutse kan yadda rayuwa ta sauya. Ban daɗe da koyon kwamfuta ba, sai na ce takarda ta tsufa. Na zauna a shagon intanet na tsara tambayoyi, kowacce amsarta "eh" ko "a'a", kuma ba a tsallake ko ɗaya.

Don in nuna bajinta, na ɗauko kawuna, limamin unguwarmu a Limawa, ya fara amsawa. Ina karanto masa, mutanen shagon sun kewaye mu, har muka iso kan wannan: "Ka daina shan giya tun da aka fara shari'a?"

Kawu ya cire tabarau, ya dube ni.

"In na ce eh, a da ina sha ke nan. In na ce a'a, har yanzu ina sha. Ɗan nan, wanne ka zaɓar mini?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, mu tsallake."

Na danna, kwamfuta ta ƙi, ta fito da jan rubutu wai sai an amsa. Mai shago ya kifa kai a tebur yana dariya. A ruɗe na danna masa "eh".

Kawu ya yafe mini, amma bai manta ba. Har yau a duk taron suna sai ya nuna ni ya ce, "Jama'a, ga wanda na tuba a hannunsa."