Ɗingishin Na-Asali

Ranar Litinin ta farko a watan Maris, ana tsaka da gyaran fankar ɗakin jira, ma'aikatan ofishin da ke raba tallafin birni ga ƙungiyoyin fasaha suka fara haɗuwa da sabon shugabansu. Kafin su ga fuskarsa, takunsa suka fara ji a matakala: ƙafar dama tana sauka da ƙarfi, ta hagu tana biyo ta a hankali kamar an yi mata dole. Sai gyaran murya mai kauri, irin wanda ake yi kafin a faɗi maganar da za ta shiga tarihi. Sannan shi kansa ya bayyana.

Allah ya yi mutum a nan. Ga tsayi, ga tumbi daidai muƙami, ga tabarau mai ruwan zinariya wanda likita bai san da zamansa ba. Takardar naɗinsa ta ce Muƙaddashin Darakta ne, zai yi riƙon ƙwarya zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da Magajin Gari zai tabbatar da shi ko ya kawo wani. Aikinsa na farko shi ne kiran mai rubuta allo. Aka rubuta DARAKTA da manyan baƙaƙe a ƙofa, aka rubuta "muƙaddashin" ƙanana ƙwarai, sai mutum ya durƙusa yake iya karantawa. Wannan ma ya yi daidai, don dama a durƙushe ya fi son a shigo.

Iliminsa ba na aji ba ne. Shekara da shekaru ya yi yana riƙe wa Magajin Gari jaka, kullum yana biye da shi a baya, bakinsa a rufe. Masu hassada suna kiran wannan ɗaukar jaka, shi kuwa jami'a yake kiransa. Daga can baya ya gano sirrin girma. Babban mutum yakan gyara murya kafin ya yi magana. Yakan zare tabarau ya nuna jama'a da shi. Yakan ce "a taƙaice dai" sannan ya kai mutane la'asar. Yakan kuma ja ƙafar hagu. Duk birnin an san gwiwar Magajin Gari ta goce ne tun ranar da santsi ya kwashe shi a banɗaki. Sabon shugaba kaɗai ya gane cewa salon mulki ne.

A ranar ya tara ma'aikata, ya gyara murya, ya zare tabarau.

"A taƙaice dai, zamanin jabu ya ƙare a wannan ofis. Kuɗin birni na fasaha ne, fasaha kuwa ta asali ce. Ni mutum ne na asali. Tunanina na asali, tsarina na asali. Duk wanda ya kawo min kwafi, ya koma da abinsa."

Kafin a tashi daga aiki sunansa ya zama Na-Asali. Da labarin ya kai masa, sai ya ji daɗi, ya ce ashe ma'aikatan nan suna da basira.

Bai yi wata-wata ba ya soma aiki. Shugaban masu zane ya kawo hoton babbar gadar birni, an zana ta har da inuwarta a cikin ruwa. Na-Asali ya daɗe yana dubawa.

"Wannan gadar ba tana nan ba? Ta kanta na biyo da safe. Don me birni zai biya kuɗin gada sau biyu?"

Ƙungiyar mawaƙa ta zo ta rera masa waƙa a tsaye. Ya tsayar da su tun a baiti na biyu, don ya lura mutum ɗaya ne yake faɗa, sauran suna maimaitawa. Ya ce a tallafa wa na gaban, 'yan amshi su je su nemi maganarsu. Magatakardan ofis ya rubuta hukuncin yadda aka faɗe shi, ya sa kwanan wata, ya jera a fayil.

A tsakiyar Afrilu Gwaggo ta zo. Tsohuwar malamar makaranta ce, ita ke shugabantar ƙungiyar da ke shirya bikin wasanni na shekara-shekara a babban ɗakin taro na birni, kuma kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Manajan ɗakin taron ya gaya mata in takardar tallafi ba ta fito ba a makon nan, zai bai wa masu bajekolin katifa ranarta.

"Wasan me kika ce kuna yi?" in ji Na-Asali.

"Wasan kwaikwayo, ranka ya daɗe."

Ya jingina da kujera, ya rufe ido, kamar alƙalin da mai laifi ya sauƙaƙa wa aiki.

"Da bakinki, Gwaggo. Ban matsa miki ba. Kwaikwayo! Wasu suna ɓoye jabunsu, ku kun ɗauka kun sa a sunanku. Tela ya hau dandamali ya ce shi likita ne, direba ya ce shi attajiri ne, ni kuma in sa hannu birni ya biya? A taƙaice dai, ban taɓa kwaikwayon kowa ba tun da uwata ta haife ni, ba kuwa zan ciyar da masu yi ba."

Ya tashi ya taka zuwa taga don maganar ta samu wurin zama. Gwaggo ta bi ƙafar hagun da kallo. Rabin rayuwarta ta yi tana koya wa mutane tafiyar wasu, saboda haka ta daɗe tana kallon. Ta buɗe baki, ta tuna da masu katifa, ta rufe.

"To, ranka ya daɗe, in kalmar ce matsala, a cire ta. A ce Bikin Wasannin Asali. Abin da ya rage mana shi ne wanda zai buɗe taro da jawabi, tunda Magajin Gari da maiɗakinsa sun amsa gayyata, a sahun gaba za su zauna."

Na-Asali ya juyo a hankali. Duk tsawon zamansa da Magajin Gari, mutumin bai taɓa jin jawabinsa ba. Ga Mayu ta ƙarato. Ga dandamali, ga fitilu, ga wanda zai sa hannu a takardar tabbatarwa zaune a gaba ba hanyar fita. Nan take ya gano cewa wasan Gwaggo yana da asali a can ƙasa, idon gwani ne kawai ke iya hango shi. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya kafa sharaɗi ɗaya.

"Kada mai gabatarwa ya ambaci sunana. Ƙananan mutane ake gabatarwa. A rage fitilu, a ja labule, jama'a su gan ni kawai."

"Ranka ya daɗe, da dai an faɗi ko wane ne kai. Bikin wasa ne, mutane za su..."

"Gwaggo, ke da wasa, ni da tsari."

Ta ce to, ta ninke takardarta, ta yi godiya.

A gida ya mai da falo dandamali. Kullum bayan la'asar yana gaban madubin kabad, yana shigowa daga ƙofar kicin, yana gyara murya, yana nuna kujeru da tabarau. Matarsa tana zaune tana ninke wanki.

"Baban yara, wai ƙafar nan ba za mu kai ta asibiti ba?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ai na sani. Shekaranjiya da karen maƙwabta ya biyo ka, ita ce ma a gaba."

"Ba za ki gane ba. Tafiyar manya ce."

"To Allah ya ba manya lafiya. Ni dai da na aure ka, ƙafa biyu na gani, tarin nan ma babu shi."

Ya yi mata uzuri. Ba kowa aka halitta da fahimtar shugabanci ba.

Ranar Asabar ta biyu a watan Mayu, da yamma, ɗakin taro ya cika har bakin ƙofa. Masu zane sun zo, 'yan amshi ma sun zo, sun zauna wuri ɗaya. Magajin Gari ya shigo yana jan ƙafar hagu, aka tafa masa, ya zauna kusa da maiɗakinsa. Mai gabatarwa ya ce, "Jama'a, a yi shiru, za a fara." Aka rage fitilu, aka ja labule.

Sai ga mutum mai tumbi da tabarau ya fito daga gefe, dama da ƙarfi, hagu a hankali.

Wata mata a baya ce ta fara ƙyalƙyalewa. Kafin ya kai ga lasifika dariyar ta ci rabin ɗakin. Na-Asali ya ji sanyi a ransa: tun bai ce komai ba jama'a sun ƙaunace shi. Ya tsaya, ya gyara murya. Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Ya zare tabarau ya nuna su da shi.

"A taƙaice dai..."

Nan fa aka rasa mai riƙe wani. Wani ya faɗo daga kujera. Wani ya yi ihu daga sama, "Wallahi shi ne! Har tarin!" Maiɗakin Magajin Gari ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa, hawaye yana zuba, tana dukan cinyar mijinta, a kan gwiwar da ke ciwon.

Mai ƙaramin tunani zai tsargu. Na-Asali ba ƙarami ba ne. Ya ga abin yana karɓuwa, sai ya ƙara. Ya bar lasifika ya taka zuwa wancan gefe ya dawo, yana jan ƙafar fiye da yadda ya saba, don na baya ma su amfana.

"Ni mutum ne na asali!" ya faɗa da ƙarfi. "Ban taɓa kwaikwayon kowa ba! Duk abin da kuka gani a jikina, nawa ne!"

Aka miƙe tsaye ana tafi. 'Yan amshi suka ɗauka, "Nawa ne! Nawa ne!" A bayan labule Gwaggo ta zauna a kan akwatin kaya, ta rufe fuska da tafin hannu.

Magajin Gari ɗan siyasa ne, kuma masu ɗaukar hoto sun juyo da na'urorinsu kansa. Ya yi dariyar da ta fi ta kowa ƙara, ya tashi ya hau dandamali. Na-Asali ya taho tarbarsa. Suka nufo juna, hagu da hagu, kamar mutum da madubinsa. Wannan hoton ne ya zagaye wayoyin birnin kafin magariba.

Magajin Gari ya karɓi lasifika. Ya zo zai gyara murya, ya fasa. Hannunsa ya tafi ga tabarau, ya dawo da shi.

"Shugaban da ba ya dariyar kansa bai cancanci kujera ba," ya ce. "Na ga wasan kwaikwayo da yawa, ban taɓa ganin gwani irin wannan ba. Gwaggo, fito mana. A ina kika samo ɗan wasan nan?"

Gwaggo ta fito tana gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, ai ba nawa ba ne. Naka ne. Shi ke riƙe maka jaka da."

Magajin Gari ya juyo ya dubi fuskar da kyau. Bai taɓa ganinta ta gaba ba.

"Ikon Allah," ya ce, yana murmushi saboda masu hoto. "Ashe abin da kake yi a bayana ke nan."

Na-Asali ya rusuna ya ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe." Da ya isa gida ya yi ta gaya wa matarsa cewa magana ta ƙare, an yabe shi a gaban duniya. Ita dai ta zuba masa abinci.

Takardu biyu suka fito daga ofishin Magajin Gari a makon ƙarshe na Mayu, magatakarda ya karɓa ya sa musu kwanan wata. Ta farko ta ce tallafin bikin Gwaggo ya zama na dindindin, kuma a mai da masa sunansa na da, tunda Magajin Gari ya riga ya yabi kwaikwayo a bainar jama'a. Masu zane da 'yan amshi su ma aka ce su sake kawo buƙatunsu wurin sabon Darakta, wanda ya iso da ƙafafunsa biyu lafiya.

Ta biyu ta Na-Asali ce. An mai da shi hawa na ƙasa, ɗakin da injin kwafe takardu yake. Yana nan har yau. Mutane suna kawo masa takardunsu, ya ɗora a inji, ya fitar da kwafi, ya buga hatimin da ke cewa "Daidai da na asali", ya sa hannu a ƙasa. Tabarau yana cikin aljihun tebur. Ƙafar hagu ta warke tun a watan Yuni, ba tare da an je asibiti ba. Gwaggo kuwa duk shekara takan aiko masa da katin gayyata, da roƙon ko zai taimaka ya sake yin na bara.